Daga Nima zuwa New Town: inda ake gasa suna a jikin kofi

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa sauka Ankara, ta Gana nake nufi ba ta Turkiyya ba, ya san Nima. Nan ne baƙo zai sha koko da ƙosai da sassafe, ya ci wake da shinkafa da rana, ya yi ciniki da Hausa tun daga bakin titi har cikin lungu, ko da mai shagon Bazabarme ne ko Bafrafre ko Badagombe. Daga wani gefen unguwar ana hango hasumiyoyin babban masallacin ƙasa da ke Kanda, wanda Turkawa suka gina aka buɗe a 2021. Amma mutane da yawa na zuwa su koma ba su leƙa maƙwabciyarta ba, wato New Town, wadda a da ake kira Lagos Town, tafiyar 'yan mintoci a motar toro-toro.

New Town unguwar maɗaba'u ce. Shago na jingine da shago, wannan na buga katin aure, wancan na buga kalanda, na gaba na ɗora hoton ɗan takara a riga. Ƙamshin tawada da ƙarar injin yanka takarda ne ke tarbar mutum. A tsakanin waɗannan manyan injuna akwai wani ɗan ƙarami da za ka iya rungumarsa da hannu biyu, shi ne injin gasa kofi. Shi na bi sawu, domin ya fita daga shaguna ya shiga ɗakunan mata a Nima da Mamobi.

Dalilin shigarsa gida ba boye yake ba. A zango ba a biki hannu rabbana. Aure, suna, walimar sauka, dawowar alhazai, kowanne sai an yi rabon kaya ga waɗanda suka zo. Da bokiti ne da faranti da mafici, yanzu an ƙara da kofin tangaran mai ɗauke da sunan amarya da ango da ranar ɗaurin aure. Bokiti yakan tsage a manta da shi, kofi kuwa yana zaune a kabet shekara da shekaru, kullum da safe yana tuna wa mai shan shayi bikin wance.

Na ga yadda ake aikin a wani gida a Mamobi, wajen wata baiwar Allah da maigidanta ke fatauci tsakanin Ankara da Kumasi. Duka kayan aikinta a kan tebur ɗaya suke: kwamfuta, firinta, injin gasawa, takarda, almakashi, da salatif mai jure zafi. Tawadar da ke cikin firintar ta musamman ce, ana kiranta ta sabilimeshan. Idan ta ji zafi sosai sai ta zama tururi, ta ratsa wani siririn shafe na foliyesta da aka yi wa kofin tun daga masana'anta, ta zauna a ciki. Shi ya sa in ka shafa kofin ba ka jin tudun rubutu, kuma wanki ba ya kankare shi. Shi ya sa kuma kofin da aka saya a kasuwa haka kawai ba ya karɓar hoto, ko da ya fi kowane kofi kyau. Sai mai shafen.

Ana buga zanen a juye, kamar yadda rubutu ke fitowa a madubi. A yanka takardar, a naɗe ta a jikin kofin fuskarta na kallon ciki, a ɗaure da salatif ta kwanta lif. Sannan a zura kofin cikin injin, mariƙinsa na waje, a danne. Zafin yakan kama daga digiri 180 zuwa 200, lokacin kuma wajen minti uku, gwargwadon injin da irin takardar. In zafi ya gaza hoton ya fito a koɗe, in ya zarce baƙi ya koma ruwan ƙasa. Da injin ya yi ƙara sai a ciro da safar hannu, a ɓare takardar nan take, a ajiye ya huce inda yara ba za su kai hannu ba. Babu farar tawada a wannan aiki, farin kofin shi ne farin hoton, don haka fararen kofuna suka fi yawa. Akwai kuma baƙin nan da hotonsa ba ya bayyana sai an zuba ruwan zafi, samari na son sa don kyautar budurwa.

Kofunan galibi daga Sin suke zuwa, a sauke su a tashar jiragen ruwa ta Tema. Wanda aka fi amfani da shi yana cin kusan mililita 325, kuma 36 ne a kwali. To a nan lissafi yake, 'yan uwa. Ba a raba kuɗin kwali gida 36, sai an cire wanda ya fashe a hanya da wanda aka ɓata wajen gwaji. Sannan a sa kuɗin takarda, tawada, wuta da kwalin da za a saka kowane kofi. Lokaci ma kuɗi ne: in kowane kofi ya ci minti biyar daga naɗi zuwa cirewa, kofi 100 ya haura awa takwas. Mai injin guda da ta karɓi aikin kofi 300 ana jibi biki ta ɗauko wa kanta rashin barci, kuma in wuta ta ɗauke sai ta kwana da bashin alkawari. Mutanen Gana ba su manta da shekarun dumso ba, musamman 2015, lokacin da wuta ke yini ba ta zo ba. Sauƙin abin, injin kofi ɗaya bai kai dutsen guga jan wuta ba, ƙaramin janareto na ɗaukarsa.

Babbar asara a wannan sana'a daga rubutu take zuwa. Abin da ya shiga kofi ya shiga ke nan. Harafi ɗaya ya kuskure a sunan ango, kwali guda ya tashi a banza. Matar nan ba ta kunna inji sai ta tura wa mai biki hoton zanen ta WhatsApp ya amsa da rubutu cewa haka yake so, kuma ya ba da kafin alƙalami. Tana duba ƙugiyar ɗ da ƙ da ɓ, don wasu salon rubutun kwamfuta ba su da su, sai su bar gurbi ko ɗan akwati. Rubutun Larabci kuma wani lokaci haruffansa na rarrabuwa in manhajar ba ta san shi ba. Aya kuwa ba ta ɗorawa a kofi ko nawa za a biya, saboda kofi na shiga ruwan wanke-wanke, in ya fashe a zubar da shi a bola.

Wanda ke tunanin kai wannan sana'a wani gari ya san kowane wuri da halinsa. A bakin teku, su Ankara da Lome da Kwatano, damshi ne ke shiga takarda ya ɓata launi, sai a riƙa ƙulle ta a leda. A Tamale ko Yamai ko Maraɗi ƙura ce abokiyar gaba, a rufe firinta, a goge kofi kafin naɗi. Ko ina kake, firintar da aka bari mako biyu ba bugu tana iya toshewa, gara a riƙa buga ɗan abu duk bayan kwana biyu. Mai ɗaukar kofuna ta hanyar Kumasi zuwa Paga kuma kada ya bari a ɗora musu buhu.

Sai maganar doka, wadda baƙo ba ya wasa da ita. Dokar zuba jari ta Gana ta 2013 ta keɓe ƙananan saye da sayarwa a kasuwa ga 'yan ƙasa, kuma a kanta aka rufe shagunan 'yan Najeriya da dama a 2019 da 2020. Bahaushen da aka haifa a zango, in ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan Gana ne, ɗan ƙasa ne, wanda ya zo da fasfo kuwa matsayinsa daban. Yin aiki a cikin ɗaki ba ya ɗauke wa mutum doka. Kafin a sayi inji a nemi sarkin zango ko shugabannin ƙungiyar 'yan kasuwa a ji yadda ake rajista a yanzu, da ɗan gari akan ci gari.

In Allah ya kai ka Ankara, ware rabin yini ka shiga New Town. Tafi da hoton zanenka a waya, ka sa a gasa maka kofi ɗaya a gabanka, ka tsaya ka ga zafin da aka sa da mintocin da ya ɗauka. Ka tambayi farashin kwali a shago uku kafin ka ciro kuɗi, ka kuma tambaya ko ana samun robar da ke ɗumama injin in ta ƙone, don ita ce ke fara mutuwa.