Mai talabijin na tafiya

A Matamaye akwai wani mutum da yara ke kira mai talabijin. Yana da tsohuwar mota mai rufi. Cikinta yake kwana, cikinta yake ajiye kayan aikinsa: talabijin, da batir, da faifan hasken rana, da wani babban farantin ƙarfe da ake kira parabol.

In rani ya yi, sai ya bi garuruwa, yau Kance, gobe Dungu, jibi Ɗan Barto. A ƙauyukan da ba lantarki, yana nuna wa mutane wasan ƙwallo. Kowa ya biya dala ashirin ya zauna bisa tabarma. Da wannan kuɗi yake ciyar da iyalinsa. In hoto bai zo ba, dole ya mayar wa kowa kuɗinsa, ga kuma kunya.

Daga ina hoton yake zuwa? Daga tauraron ɗan'adam yake zuwa, wata na'ura da aka harba sama, nisan wajen kilomita 36 000. Tauraron yana kewaya duniya cikin awa 24, daidai da juyawar duniya kanta. Shi ya sa yake kamar tsaye wuri guda. Yana bisa layin da ya raba duniya biyu, kudu da ƙasarmu. Don haka farantin ba ya duban arewa.

Kowane garin da ya sauka, sai ya nemi fili, nesa da gawo da tsamiya, domin ganye yana tare saƙo. Ya kafa farantin, ya danne ƙafarsa da duwatsu. Ya haɗa waya daga farantin zuwa dekoda, wato akwatin da ke mayar da saƙo hoto. Sa'an nan ya shiga juya farantin sannu sannu, hagu kaɗan, sama kaɗan. Kuskuren yatsa guda ya isa hoto ya ɓace. Wani lokaci minti biyar, wani lokaci awa guda yana gumi.

Yara sukan tambaye shi:

— Baba, don me ba ka ɗaure farantin bisa motarka sau ɗaya ka huta ba?

Sai ya ce:

— Yarana, tauraron yana nan inda yake, ni ne nake tafiya. Mota ta juya, faranti ya juya. Dole kullum in sake nemansa.

Da damina ba ya fita. Ruwa mai ƙarfi yana katse hoto, hanya kuma ta ɓaci. Sai ya koma gona.

A shekarar 1964 aka fara koyar da yara da talabijin a Nijar. A lokacin, kaɗan ne suka taɓa ganinta. Yanzu hoto yana saukowa har ƙauye, amma sai ga wanda ya san inda ake dubawa, kuma yake da haƙuri.