Lungunan Birni da Lambar Gidan Waya

Duk wadda ta taɓa zuwa biki cikin birnin Kano ta san yadda kwatance yake. Za a ce ki sauka a Ƙofar Mata, ki wuce marina, ki karya kwana, in kin ga mai ƙosai ki tambayi gidan amarya. To in mai ƙosan ta tashi fa? Haka za ki yi ta bulayi da ankonki, rana na dukan ki, yara na bin ki da kallo.

Lungunan Yakasai da Mandawari da na kewayen Kasuwar Kurmi duk haka suke, wani ma da ƙyar mutum biyu ke giftawa. 'Yan unguwa ba sa ɓata, baƙo da takarda ne ke shan wuya. Na biki ma da sauƙi 'yar'uwa, ki tuna da takardar samun makaranta, ko motar da aka kira cikin dare don mai naƙuda.

Akwai wata taswira a intanet mai suna OpenStreetMap, wadda Steve Coast ya fara a Ingila a 2004, kowa na iya sa hannu ya gyara ta kyauta. In kin buɗe ta a waya za ki ga Dutsen Dala da Gidan Makama da manyan tituna raɗau, amma gidaje da yawa 'yan akwatuna ne kawai, babu sunan layi balle lambar gidan waya. Lambar nan alƙaluma shida ce a Nijeriya: babban gidan waya na Kano 700001, na Kaduna 800001, na Abuja 900001. Ki tambayi ƙawayenki ta unguwarsu ki sha dariya, wata lambar wayarta za ta karanto miki.

Masu cike giɓin suna da ƙa'ida. Ba a cinta, ba a kuma kwafowa daga taswirar Google, sai abin da aka gani a allon shago ko aka tabbatar a gidan waya. Sunan masu gida kuwa ba a sa shi sam.

Ni dai a ganina lambar kaɗai ba ta isa ba, iyakarta ta kawo takarda yankinku. Sai an haɗa da sunan lungun, kuma wa ya kai mata sanin lungu? Mu ne 'yan suna da barka da dubiya, mu muka san wanda ke ɓullewa Jakara da wanda ya ƙare a bangon wani.