Gambarmu Ta Zama Annoba A Ostareliya

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa, ko ya taɓa bin hanyar Tamale zuwa Bolga da kaka, ya san gamba. Da ita ake saƙa zana, shanu kuma su ci ɗanyarta da damina. To, jama'a, wannan ciyawa tamu ta hana mutanen arewacin Ostareliya barci, kuma su ma gamba suke ce mata.

Batchelor wani ɗan gari ne, wajen kilomita 100 kudu da birnin Darwin, kusa da gandun dajin Litchfield. Yanayin wurin kamar namu ne, sai dai daminarsu daga Nuwamba ce zuwa Afrilu. Matafiyi zai ga gamba ta tsaya kamar bango a gefen titi. Gane ta ba wuya: tushiya guda ta yi kara da yawa, tsawonta ya kai mita 4, ganyen da gashi-gashi da farin layi a tsakiya, kanta kuma ya rabu biyu da farin gashi.

A shekarar 1931 aka kai irinta can daga Afirka don kiwon shanu, a 1978 kuma aka fitar wa makiyaya wani iri mai suna Kent. Daga nan iska da tayoyin motoci suka kwashe 'ya'yanta zuwa dajin da babu dabbar da za ta ci. Ciyawar ƙasar gajera ce, wutarta takan bi ƙasa ta wuce. Ita kuwa gamba ba ta bushewa sai rani ya yi nisa, saboda haka wutarta takan ninka waccan zafi har sau 8. Harshenta yakan kai kan itatuwan turare ya kashe su, gamba ta maye gurbinsu. Gidaje da masu kashe gobara ma ba su tsira daga haɗarin ba.

A 2008 gwamnatin yankin ta haramta shuka ta, a 2012 kuma aka sa ta cikin miyagun ciyayin ƙasar baki ɗaya. Kowace damina sai an yi ta feshi.

A nan lauje da bakin saniya ne suke riƙe da ita, can kuwa aka kai ta aka sake ta. An ce baƙo raɓa ne, amma wannan ta zauna. Saboda haka duk manomin da aka kawo wa sabon iri, ya fara tambayar abin da zai tare shi idan ya tsallake shinge.