Agogon Baba

Ran da na sauke Alƙur'ani, ina ɗan shekara 12, Baba ya kwance agogonsa ya ɗaura mini. Seiko 5 ne, ƙirar Japan, irin wanda aka fara fitarwa a 1963. Da yake ya yi mini yawa, sai da aka ƙara huda maɗaurinsa. Bayan rasuwar Baba na kasa ko dubansa, na jefa shi cikin adaka, ya yi shekara 8 a tsaye.

Bara na kai shi wurin wani dattijo mai gyaran agogo a Kasuwar Kurmi, gabana na faɗuwa kada ya ce ya mutu. Ya buɗe bayansa, ya share datti, ya ɗiga mai, ya girgiza shi, sai ga tsinke yana tafiya. Ya ce, "Samari, wannan ba ya cin batir. Motsin hannunka ne abincinsa. In ka ajiye shi kwana biyu, sai ya tsaya."

Maganar nan ta tuna mini da ƙannen Baba, waɗanda rabona da su tun sadakar arba'in. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Ran Juma'a na ɗaura agogon, na nufi gidajensu.