Gidanmu Mai Taya Huɗu da Kyanwar Baba



A Amurka akwai mutanen da ke sayar da gida su sayi mota mai gado da kicin da banɗaki a ciki, su ɗauki karensu su yi ta zaga ƙananan garuruwan bakin tafki, shekara da shekaru. Wai hutu ke nan. To jama'a, mu ma muna da irin wannan rayuwa, sai dai tamu neman abinci ce, kuma motar tamu tsohuwar J5 ce.

Mahaifina fataucin bandar kifi yake yi. Ɗakinmu na Sheda, kusa da titin Abuja zuwa Lokoja, wurin ajiye iyali ne kawai. Kwanansa a mota ya fi kwanansa a gida. Tun da na gama sakandare nake bin sa. Mukan nufi tafkin Kainji, mu tsaya Malale, mu wuce Wara da Yawuri, mu jira ranar kasuwa. Tafkin nan ba daɗaɗɗe ba ne, dam ɗin da aka gama a 1968 ne ya tara ruwan, har ya cinye tsohon garin Bussa aka mayar da mutanensa sabon gari. Sarkawa su kama, mata su banda, mu kuma mu cika kwalaye da tarwaɗa da karfasa.

A cikin motar akwai tabarma, risho, jarka biyu, buta, da kyanwa. Ita ce ta uku a tafiyar. Baba ya sa mata suna Fatake. Kada wani ya ce gayu ne: motar da ke kwana da banda a bakin ruwa, ɓeraye ba sa barin ta, kuma kwali ɗaya da suka fasa ya isa ya cinye ribar tafiya. Tana aikinta, ana biyan ta da kan kifi.

Amma riƙon ta akwai wahala. Da rana motar kan yi zafi kamar tanda, dole a bar taga a buɗe, a ajiye mata ruwa a gwangwani ƙarƙashin kujera. In mun isa gari sai ta dire ta ɓace cikin rumfunan masu banda. Ni da direba mu yi ta tsaki, Baba kuwa ba zai bari a tayar da mota ba sai ta dawo. Na taɓa ce masa, "Baba, mu tafi mana, kyanwa ai ba ta ƙarewa a duniya." Ya dube ni ya ce, "Kai yaro, wanda ya ɗauko dabba daga gida, shi za a tambaya." Ranar sai bayan la'asar muka tashi.

Abin da ke damuna yanzu hanyar ce take tsukewa. Da can Baba har Baga yake zuwa, bakin tafkin Chadi, inda kifi ya fi yawa. Tun harin Boko Haram na Janairun 2015 bai sake taka can ba. Yankin Shiroro ma mun daina kwana saboda 'yan bindiga. Ga kuɗin fetur tun da aka cire tallafi a Mayun 2023, sai ka lissafa ka ga motar ce ke cin rabin wahalarka.

Baba ya fara kukan ciwon baya, yana so in karɓi makullin. Innarmu kuma so take in kama shago a kasuwar Gwagwalada in zauna kusa da ita. Ban ba kowa amsa ba tukuna. Ranar Litinin dai za mu sake ɗaukar hanyar Yawuri, an riga an gyara birki.