Manhaja Ma Tana Son Cikakken Kwatance

Ni dai abin da aikin kwamfuta ya koya mini shi ne, na'ura ba ta gane "can wajen nan". Sai ka faɗa mata unguwa, ka faɗa mata gida. Na ga haka ƙarara a Solr, manhajar bincike da Yonik Seeley ya ƙirƙira a 2004, aka miƙa wa gidauniyar Apache a 2006. Da ita nake tara rubuce-rubucen Hausa domin a riƙa nemo kalma cikin sauƙi.

A da, ana ƙunshe Solr cikin fayil guda mai ƙarewa da .war, a ɗora shi kan Tomcat. To amma ƙunshin ba ya ɗauke da gidanta, wato foldar da ke riƙe da solrconfig.xml da schema.xml da rumbun kalmomi. Idan ba a nuna mata gidan ba, sai ta nemi folda mai suna solr a inda aka tayar da Tomcat. Yau ta samu, gobe a tayar daga wani wuri ta rasa.

Shi ya sa nake rubuta hanyar tun daga tushe ta solr.solr.home, in kuma ajiye gidan nesa da foldar webapps. Abin da aka cusa inda Tomcat ke warware ƙunshi yana iya shafewa ranar da aka sauya ƙunshin, aikin watanni ya bi ruwa.

A 2015, da fitowar Solr 5, aka daina goyon bayan wannan tsari. Duk da haka, ɗan'uwa ɗalibi, kowace manhaja ka ɗora, ka raba wurin zamanta da wurin ajiyarka.