Saƙo Yana Jira, Salla Ba Ta Jira

  

Ya ƴan uwa masu girma, da yawanmu sun ɗauka cewa idan suka rufe WhatsApp kafin shiga masallaci, talho ya yi shiru ke nan. Al'amarin ba haka yake ba. Saƙon da aka aiko maka yana fara sauka ne a na'urorin kamfanin, daga nan a sanar da talhonka ta hanyar Google idan Android ne, ko ta hanyar Apple idan iPhone ne. Wannan ƙofa a buɗe take muddin akwai rezo da mega, ko manhajar tana rufe. Shi ya sa nake jin ƙara da girgiza a bayana ina tsakiyar karatu, daga aljihun mutanen da na san ba raina salla suke yi ba.

Ga abin da ya kamata ya kwantar da hankalinmu: idan talhonka yana kashe, saƙo ba ya ɓata. WhatsApp yana riƙe shi har kwana 30 yana jiran ka dawo. Sallar farilla a jam'i kuwa da wuya ta wuce minti 10. Wane ciniki ne zai lalace a minti 10? Amma khushu'in da ƙara ɗaya ta ɗauke wa sahu guda, wa zai biya shi?

Saboda haka, idan ka cire takalmi a ƙofa, ka taɓa alamar jirgin sama. Da zarar ka sallame ka cire ta, saƙonni su shigo gaba ɗaya. Gurup ɗin da ya cika surutu kuma, manhajar ta ba ka zaɓin rufe sanarwarsa na awa 8, ko mako 1, ko dindindin, kuma ba a gaya wa kowa ka yi hakan.

Akwai wani ɓangare da ya fi damuna. Maki ɗaya mai launin toka na nufin saƙo ya tafi, biyu na nufin ya isa talho, shuɗi biyu kuwa, waɗanda aka fito da su a 2014, na nufin an buɗe shi. Sau da dama an kawo mini ƙarar da tushenta shi ne: "Malam, ya gani bai amsa ba." Ɗa a ci-rani yana fushi da mahaifiyarsa, miji yana zargin matarsa. Alhali shuɗin maki bai shaida wanda ya buɗe saƙon ba, bai kuma faɗi halin da mai talhon yake ciki ba. Wataƙila yaro ne ke wasa da shi. Wataƙila an tada iƙama ne ya mayar da shi aljihu. Kyautata zato haƙƙin musulmi ne a kan ɗan uwansa, na'ura ba ta soke shi ba.

Wannan saƙon nawa ma, idan ya riske ka ana kiran salla, ajiye shi ka tafi alwala.

Allah ya karɓi ibadunmu, ya gyara tsakaninmu. Amin.